Barkono: Amfaninsa, Iyakar Ƙarfinsa, da Haƙƙin da ke Wuyan Mai Sayar da Shi

Darasi ga 'yan kasuwa da iyalai

Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Mai'aduwa zuwa Matamaye, da wuya kasuwa ta ci ta watse ba a auna barkono ba. Wasu na ce masa barkono, wasu tonka, amma duk tukunya ɗaya yake faɗawa. Kamar yadda buhunansa ke ƙetare iyaka, haka labaran da ake bayarwa a kansa ke ƙetarewa, har ma sun fi buhunan sauri tun da wayar hannu ta shiga kowane gida. Wani ya ce yana wanke jini, wani ya ce yana narkar da kitse, wani kuma ya rantse cewa ya ga an farfaɗo da mai ciwon zuciya da cokali guda na garinsa.

A cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai ƙari, akwai kuma wanda kan kai mutum ga halaka. Manufar wannan darasi ita ce rarrabe su. Barkono abinci ne mai amfani, kuma akwai ciwuka ƙalilan da likitoci ke amfani da sinadarinsa a kansu. Sai dai ƙarfinsa yana da iyaka, kuma alherin da mai ci zai samu ya rataya ne a kan yadda aka shanya shi, aka adana shi, aka kuma sayar da shi.

Asalinsa da ire-irensa

Mutane da yawa za su yi mamaki idan aka ce barkono baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, inda mutanen ƙasar Meziko suka fara noma shi shekaru kusan 6,000 da suka wuce. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 ne ya isa Turai, sannan fataken Fotugal suka yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka da Asiya a ƙarni na 16. Kafin zuwansa, kakanninmu da masoro da kimba da citta suke yaji, kuma har yau waɗannan ba su bar kaskon mai kayan ƙamshi ba.

A kasuwanninmu mun san tattasai mai kauri da ƙarancin yaji, da attarugu mai ƙamshi da zafin harshe, da shambo mai tsawo, da kuma ƙananan jajayen barkono da ake busarwa a daka. Wanda littattafan Turawa ke kira kayen, sunan da ake dangantawa da birnin Kayen na Giyanar Faransa, dogon jan barkono ne siriri, ɗan'uwan shambo na kusa. Don haka duk abin da aka ji ana faɗa game da kayen, maganar barkonon da ke gabanmu ake yi, ba wani tsiro na daban da sai an yo odarsa daga waje ba.

Wannan baƙo ya zama ɗan gida, har ya zama abin dogaron dubban iyalai. A kwarin kogin Komadugu Yobe, wanda ya ratsa tsakanin jihar Diffa da Najeriya, busasshen jan tattasai ya yi sunan da ake yi masa laƙabi da jan zinariya, kuma kasuwannin arewacin Najeriya ne manyan masu sayensa.

Me ke kawo yaji?

Yajin barkono daga wani sinadari yake da ake kira kafsaisin. Mafi yawansa yana cikin farar tsokar nan ta ciki wadda 'ya'yan ke manne a jikinta. Shi ya sa idan uwargida ta cire wannan tsoka kafin ta jajjaga attarugu, miyarta kan yi ƙamshi ba tare da ta gagari yara ba.

A cikin fatarmu da bakinmu akwai ƙananan jijiyoyi masu gargaɗi idan abu ya yi zafin da zai iya ƙona mu, wato idan ya haura digiri 43 a ma'aunin Salshiyos. Kafsaisin yana taɓa waɗannan jijiyoyi, sai su aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa wuta ta taɓa wurin, alhali babu wuta. Daga nan jiki ya shiga neman sanyaya kansa: gumi ya keto, hanci ya yi ruwa, ido ya kawo ƙwalla. Wani masani ɗan Amurka, David Julius, shi da abokan aikinsa suka gano wannan a 1997, kuma a 2021 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Ardem Patapoutian.

Akwai ma'aunin yaji da wani mai haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A wannan ma'auni barkonon kayen yana tsakanin 30,000 zuwa 50,000, dangin attarugu kuwa daga 100,000 zuwa 350,000. Wato cokalin wannan ba daidai yake da cokalin wancan ba.

Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Saboda haka wanda yaji ya kama bakinsa, kurɓar nono ko madara ta fi masa kofin ruwa. Wadda hannunta ke raɗaɗi bayan gyaran barkono kuwa, ta shafa man gyaɗa ta murza, sannan ta wanke da sabulu.

Amfanin da ke cikin tukunya

Amfani na farko shi ne bitamin C. Giram 100 na ɗanyen jan tattasai yana ɗauke da kusan miligiram 130, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin lemon zaƙi mai wannan nauyi, alhali miligiram 45 a yini ya wadaci baligi bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga jan tattasan ƙasar Hangari ne ma masani Albert Szent-Györgyi ya tace wannan bitamin da yawa, shi da ya karɓi lambar Nobel a 1937. Bitamin C yana taimaka wa rauni ya warke, yana ƙarfafa dasashi, yana kuma taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da zogale da alayyafo. Wannan muhimmin abu ne ga mata da yara, waɗanda ƙarancin jini ya fi damu.

Amma a lura da sharaɗi guda: zafin rana da doguwar dahuwa suna cinye wannan bitamin. Busasshen barkono ya rasa mafi yawansa. Mai neman sa ya yanka ɗanyen tattasai a kan kwaɗon zogale ko a kan wake da shinkafa, ko ya zuba shi a miya daf da saukewa, bayan an wanke shi da ruwa mai tsabta.

Amfani na biyu yana cikin jan launinsa. Jan tattasai da jan barkono suna da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido daga dundumi da ƙarfafa garkuwar jikin yaro. Jiki ya fi tsotsar sa idan akwai ɗan mai a cikin abincin. Duk da haka, ɗan abin da mutum ke iya ci na barkono mai zafi ba shi da yawa, don haka ba zai maye gurbin manja da karas da kabewa da mangwaro da ganyaye ba, ba zai kuma maye gurbin ɗigon bitamin A da ake ba yara a wurin rigakafi ba.

Amfani na uku shi ne buɗe sha'awar abinci, tare da ba da damar rage gishiri. Miyar da ta ji tattasai da attarugu da albasa da daddawa ba ta bukatar gishiri da magi masu yawa kafin ta yi daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma yawan gishiri yana cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini. A nan akwai tarko. Yajin da ake barbaɗawa a tsire da dambu da awara ba barkono ba ne zalla, akwai gishiri da magi a cikinsa, sau da yawa masu yawan gaske. Mai hawan jini da ke lodar yaji da sunan magani, gishiri yake ƙara wa kansa.

Akwai kuma manyan bincike biyu da ake yawan ambato. Na farko a ƙasar Sin aka yi shi, aka wallafa a 2015, ya bi rayuwar mutane kusan rabin miliyan, ya tarar cewa masu cin abinci mai yaji kusan kullum sun yi ƙasa da kashi 14 cikin 100 a yawan mace-mace idan aka gwada su da waɗanda ba sa ci ko sau ɗaya a mako. Na biyu a Italiya, a 2019, a kan mutane fiye da 22,000, ya sami sakamako mai kama da wannan. Labari ne mai daɗin ji, amma masu binciken da kansu sun yi gargaɗi cewa ganin abubuwa biyu tare bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗaya ba. Mai yiwuwa masu cin yaji sun bambanta da sauran ta wasu hanyoyin, kamar irin abincin da suke ci gaba ɗaya, ko kuma masu rashin lafiya ne suka daina cin yaji tun farko. Abin da za mu iya ɗauka shi ne, mai lafiya ya ci barkononsa a miya da kwanciyar hankali.

Inda likitoci ke amfani da shi

Wurin da aka fi tabbatar da ƙarfin kafsaisin a matsayin magani shi ne a kan fata. Ana yin man shafawa da shi, mai ƙarfin kashi 0.025 zuwa 0.075 cikin 100, don ciwon gaɓoɓi irin na gwiwa da yatsu, da raɗaɗin jijiya. Idan aka dinga shafawa sau uku ko huɗu a yini, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo sukan gaji su yi shiru. A kwanakin farko wurin yakan yi zafi, sauƙin kuma ba ya zuwa sai bayan mako biyu zuwa huɗu. A 2009 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka amince da wata filasta mai ƙarfin kashi 8 cikin 100, don raɗaɗin da kan saura bayan ƙurajen nan masu fitowa a jere a ɓari ɗaya na jiki. Ma'aikacin lafiya ne ke liƙa ta, sanye da safar hannu, ya cire bayan kamar awa guda, kuma sauƙinta kan kai wata uku.

A kula da abubuwa biyu. Na ɗaya, wannan magani yana rage jin ciwo ne, ba ya gyara gaɓar da ta ci. Na biyu, an auna ƙarfinsa daidai. Garin barkonon da aka kwaɓa da man kaɗanya a gida babu wanda ya san ƙarfinsa, yana iya sa fata ta tashi, musamman ga mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta rage jin zafi, wanda ƙaramin rauni a ƙafarsa kan zama gyambon da ke ƙin warkewa.

Abin da ake jingina masa wanda ba zai iya ba

Mura. Farfesu mai yaji yana sa majina ta tsinke, hanci ya buɗe na ɗan lokaci, kuma ruwan ɗumi yana da daɗi ga maƙogwaro. Wannan sauƙi ne na gaske, amma ba ya kashe ƙwayar cutar. Haɗarin shi ne a ɗauki ciwon huhu a matsayin mura. A ƙirga numfashin yaro na minti guda yana kwance lafiya lau. Idan ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai numfashi 50, ko ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5 ya kai 40, ko ana ganin ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, a kai shi asibiti a ranar.

Zazzaɓi. Gumin da yaji ke kawowa yakan sa a ce zazzaɓi ya fita. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini take, gumi ba ya fitar da ita. Gwajin jini na ɗan yatsa ba ya wuce minti 20, maganin kuma na kwana uku ne, a shanye shi duka. A lokacin damina, a tabbata yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 sun karɓi maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata.

Ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Maganar cewa ruwan barkono yana tsayar da waɗannan ba ta da tushe. Wanda ƙirjinsa ya ɗaure da ciwo mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ko bakinsa ya karkace, hannunsa ya saki, maganarsa ta harɗe, mota yake bukata zuwa asibiti nan take. Ɗura masa wani abu a baki na iya sa ya shaƙe, domin mai shanyewar jiki sau da yawa ba ya iya haɗiya daidai.

Hawan jini, ciwon suga da ƙiba. Kafsaisin yana ɗan ƙara yawan abin da jiki ke ƙonawa, amma kaɗan ne ƙwarai, bai kai abin da tafiyar ƙafa ta rabin awa ke yi ba. Duk wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga, kada ya ajiye shi don ya sayi ƙwayoyin barkono ko wani haɗi da ake talla da lasifika a bakin kasuwa. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna.

Gyambon ciki da basir

An daɗe ana ɗora wa barkono laifin gyambon ciki. A 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi ce ke jawo mafi yawansa, aka ba su lambar Nobel a 2005. Sanadi na biyu shi ne yawan shan magungunan kashe ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak da asfirin, waɗanda 'yan dako da direbobi da masu doguwar tsayuwa a kasuwa kan sha kamar gyaɗa, wani lokaci a haɗe cikin ƙulli ɗaya. Barkono ba ya haƙa gyambo, amma yana iya tayar da raɗaɗi da ƙwannafi ga wanda cikinsa ya riga ya taɓu. Irin wannan mutum ya rage yaji, ya kuma nemi gwaji, domin ƙwayar cutar tana mutuwa da magani na kwana 10 zuwa 14. Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, alamar zubar jini ce a ciki, ba a kwana da ita a gida.

Basir kuwa ya fi samuwa daga taurin bayan gida da yawan yunƙuri, da kuma nauyin juna biyu. Barkono na iya sa raɗaɗi wajen fita, musamman idan wurin ya tsage, amma ba shi ne tushen ciwon ba. Yawan shan ruwa da cin ganye da wake da 'ya'yan itatuwa ne ke sassauta shi. Jinin da ke fita tare da bayan gida kuma a nuna wa likita, don ba kowane jini ba ne basir.

Mai ciki, maijego da yara

Mai juna biyu na iya cin barkono gwargwadon abin da ta saba a miya, sai dai idan yana tayar mata da ƙwannafi. Ba ya kawo naƙuda, ba ya kuma saukaka ta. Naƙudar da ta daɗe asibiti take nema.

Yajin jego al'ada ce mai kyakkyawar manufa, domin yana sa maijego ta ci abinci da kyau. Amfanin yana cikin naman da kifin da tuwon da aka ci da shi. Abin tsoro shi ne gishirin da ke ciki, da kanwar da ake sha a kunu. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta hakan da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ke yi mata wuya idan ta kwanta, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ta yi zazzaɓi da ɗoyi, ko ciwon kai mai tsanani, a gaggauta kai ta asibiti. Yaji ba ya wanke mahaifa.

Jariri har ya cika wata 6 nonon uwa kaɗai yake bukata. Bayan nan, a ɗebar masa abinci kafin a zuba yaji mai zafi, a riƙa saba masa a hankali.

Wuraren da ba a sa barkono ko kaɗan

Ba a sa shi a ido, ko a kunne, ko a dubura, ko a al'aura, ko da sunan magani ko da sunan horo. Ba a shafa shi a kan nono don yaye.

Ba a turara shi ga mai jijjiga ko farfaɗiya ko wanda ya suma. Hayaƙinsa na iya toshe numfashi, musamman ga yaro da mai asma. A kwantar da mai jijjiga a kan gefensa, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa komai a baki, sannan a kai shi asibiti.

Ba a zuba shi a rauni. Jini da danna tsumma mai tsabta ake tsayar da shi. Cizon kare a wanke shi da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi karɓar allurar rigakafin haukan kare a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci garin barkono da sunansa cikin abubuwan da ta hana a sa a irin wannan rauni. Wanda maciji ya sara kuwa, a hana shi motsi, a cire zobe da abin hannu, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar dafi.

Idan barkono ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15, ba tare da murzawa ba.

Haƙƙin da ke wuyan ɗan kasuwa

Babban haɗarin barkono ba a yajinsa yake ba, a fumfuna yake. Idan bai bushe sosai ba aka ɗura shi a buhu, ko danshin damina ya same shi a shago, fumfuna kan kama shi, wasu irinta kuma suna fitar da guba mai suna afulatoksin. An fara gano ta a Ingila a 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu bayan cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya ta hanyar masara. Ba ta da ɗanɗano, dahuwa kuma ba ta kashe ta. Ko da kaɗan-kaɗan ake ci, shekara da shekaru tana cin hanta har ta kai ga ciwon daji, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasashenmu. An kuma danganta ta da tsumburewar yara. Gyaɗa na cikin abubuwan da ta fi kamawa, don haka yajin da aka haɗa da ƙuli-ƙuli ta ƙofa biyu take iya shigarsa. Tarayyar Turai ba ta karɓar busasshen barkonon da mafi munin nau'in gubar ya wuce kashi 5 cikin biliyan a jikinsa. Abin da bai halatta a sayar wa baƙo ba, bai kamata a sayar wa maƙwabci ba.

Ga abin da ya kamata manomi da dillali da mai shago su kiyaye:

1. A tsince ruɓaɓɓe da wanda tsutsa ta huda tun kafin shanya.
2. A shanya a kan tamfol ko tabarma ko daɓe mai tsabta, a baza shi ba da kauri ba, a riƙa juyawa. Shanya a gefen kwalta tana tara masa ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi.
3. A kwashe ko a rufe da dare saboda raɓa.
4. Kada a ɗura a buhu sai ya bushe ƙayau, yana karyewa idan an lanƙwasa, 'ya'yansa na kaɗawa a ciki.
5. Kada a yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi ko sheƙi.
6. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da ƙasa da bango, a ɗakin da iska ke ratsawa kuma ba ya yoyo. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita.
7. Wanda ya yi baƙi-baƙi ko fari-fari a ciki, ko yake warin danshi, a ƙona shi ko a binne. Niƙa shi a cakuɗa da mai kyau ɓoye guba ne, ba kawar da ita ba.

Haɗari na biyu shi ne maganin ƙwari. Fiya-fiya da ire-irensa ba a yi su don a fesa a kan abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya saboda irin wannan magani da aka tarar ya yi yawa a jikinsa, manoma da fatake masu gaskiya suka yi asara tare da masu laifin. Bushewa sosai da tsabtar ɗakin ajiya su ne kariya ta farko.

Na uku shi ne rini. Akwai jan rinin masana'antu, na fata da man takalmi, da wasu ke zubawa a garin barkono don tsohon kaya ya yi kamar sabo. An hana sa shi a abinci saboda zargin yana jawo ciwon daji. A 2003 aka kama shi a Faransa cikin garin barkonon da aka shigo da shi daga Indiya, a 2005 kuma Birtaniya ta janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna saboda shi. A 2015 hukumar abinci ta Ghana ta kama danginsa a cikin manja a kasuwannin Akara. Ribar rini ta yini ɗaya ce, sunan kasuwa kuwa idan ya ɓaci ya shafi kowa.

Masu injin niƙa da masu daka da masu auna gari su ma suna da haƙƙin kansu. Ƙurar barkono tana jawo tari da shaƙewa, tana tayar da asma. A sa takunkumi, a yi aikin a inda iska ke wucewa, kada a goya jariri ana daka, a wanke hannu kafin a taɓa ido ko a ɗauki yaro.

Shawara ga mai saye

Sayen busasshen barkono ɗungum a kai niƙa ya fi sayen garin da ba a san abin da ke ciki ba. A karya guda biyu ko uku a duba cikinsu, a shinshina. Garin da jansa ya wuce misali, ko yake rina yatsa, abin zargi ne. Idan aka zuba cokali guda a kofin ruwa aka tarar da yashi ko garin jan bulo ya kwanta a ƙasa yana ƙaras-ƙaras a hannu, an yi algus. Wannan gwaji ba ya tona rinin da aka ambata, domin shi a mai yake narkewa, shi ya sa sanin wanda ake saye a wurinsa ya fi kowane gwaji. Ruɓaɓɓen kayan miya da ake karyarwa da yamma kuwa, araha ba ta ado. A gida, a zuba gari a kwalba ko gwangwani mai murfi, a nisanta shi da tururin tukunya, a ɗiba da busasshen cokali.

Tambayoyin bita

1. Wane ɓangare na barkono ya fi ɗauke da yaji, kuma me ya sa nono ya fi ruwa kwantar da shi?
2. Ta yaya za a ci tattasai a sami bitamin C ɗinsa?
3. Me ya sa yajin tsire zai iya cutar da mai hawan jini?
4. Waɗanne abubuwa biyu ne suka fi jawo gyambon ciki?
5. Numfashi nawa a minti ne alamar haɗari ga ɗan wata 8?
6. Me za a yi wa wanda kare ya ciza?
7. Ta yaya ake gane barkono ya bushe har ya isa ɗurawa a buhu?

A karanta wannan darasi a taron 'yan layin kayan miya, a zauren gida, da wurin awon ciki, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. Sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin fatake na iya yin yarjejeniya a tsakaninsu, ta wannan gefen iyaka da wancan, cewa ba za a karɓi jiƙaƙƙen buhu ko rinannen gari ba. Mai saye ba ya ganin inda aka yi shanya, amanar mai sayarwa yake ɗauka zuwa gida ya zuba a tukunyar 'ya'yansa. Wanda kuma ciwo ya kama, ya ci miyarsa da yajin da ya saba, amma ya nufi asibiti ko gidan likita mafi kusa tun ciwon bai yi nisa ba.